Ranar da Malam Ya Kaɗa Nono

Jikata da ke karatu a Masar ce ta tono mini wannan tsohon zance. Rannan ta kira ni a wayar nan da ake ganin juna, ta ce ga unguwarmu nan za ta nuna mini, ta juya wayar tana haska Ardul Liwa. Na gyara tabarau na duba, na ƙara dubawa. Benaye ne sun haɗe kai sama, wayoyin lantarki sun cukurkuɗe, 'yan kekunan haya masu ƙafa uku sai tsiwa suke yi wa juna, ko wurin da mace za ta shanya zane babu. Na ce da ita ke dai kin ɓata hanya, wannan ba unguwarmu ba ce. Ta yi ta dariya tana rantsuwa, ni kuwa na kashe wayar, don abin ya taɓa ni.

Unguwar da na sani gona ce. Da ka tsallake layin dogo ka bar birni a bayanka, sai koren ciyawar barsim iya ganinka, da 'yan gidaje jefi-jefi na jan bulo waɗanda ba a gama ba, ƙarafuna na leƙe a samansu. Da asuba jakuna ke tashe mu, sai mai ful, wato dafaffen wake, ya wuce da tulunsa yana kira, sai mai butagaz yana ƙwanƙwasa tukunyar gas da sifana har cikin kan mutum. Bayansu mai madara zai zo kan keke, garwa biyu na rataye gefe da gefe, madarar baƙaƙen shanun nan nasu da suke ce wa gamusa, masu son kwanciya cikin taɓo. Mata ba sa saukowa sayen komai. Kwando ake ɗaura wa igiya a zuro ta taga, a yi ciniki da ihu, a janye. Ku yaran yanzu da ke latsa waya a kawo muku abinci har ƙofa kuna ganin ku kuka fara wayo, alhali mun riga ku da kwando da igiya.

Ina amarya ɗanya shakaf aka kai ni can, daga wani ƙauye na ƙasar Katsina, ban taɓa ko shiga jirgin ƙasa ba sai ga ni a na sama. Malam, mijina, Allah ya jiƙansa, ɗalibin ilimin addini ne a lokacin. 'Yan uwansa ɗalibai duk suna cikin gari kusa da makaranta, shi kuwa ya zaɓi bayan gari wai don ya sami shirun yin haddar littattafansa. Shirun kuwa ni ya faɗa wa. Yakan fita tun da safe, sai la'asar sakaliya, ni da bango huɗu da Larabcin da bai wuce na salla ba. Ga ciki ya shiga, na fari, ga uwata a wata duniya. Kewar gida ta ci ni har na fara magana da tukunya.

Wata safiya ina zaune sai na ji daka daga saman kaina. Dum, dum, dum, a natse, hannun wadda ta iya. Gabana ya faɗi don murna, na ce lalle akwai Bahaushiya a benen nan ba a gaya mini ba. Na yafa mayafi na hau sama ko takalmi ban tsaya nema ba. Ƙofar a buɗe take. Da na leƙa sai na ga tsohuwar Baturiya, gajera, mai farin gashi da jajayen kumatu, ta naɗe hannun riga tana tsaye kan wani dogon turmi na katako mai murfi, sanda ta fito ta ramin murfin, tana ɗagawa tana saukewa. Ko tambayata wace ce ba ta yi ba. Ta kamo hannuna ta ɗora kan sandar ta ce yalla, wato mu je. Da na ji yadda abin ke motsi a ciki, na kuma shaƙi ƙamshin tsami, sai na gane nono ake kaɗawa. To ni da na tashi maƙwabtaka da ruga, na kaɗa gora har kafaɗa ta sage, nan da nan na kama. Ta tsaya tana kallona, ta tafa hannu, muka fashe da dariya ba wadda ta san yaren wata.

Madam kowa ke ce mata a unguwar, mu ma haka muka bi. 'Yar ƙasar Ailan ce, wani tsibiri can gefen Ingila, kuma idan kana son ganin fushinta to ka kira ta Ba'ingiliya. Wani likitan dabbobi ɗan Masar ne ya je karatu ƙasarsu ya auro ta, suka zauna shekara da shekaru, ya rasu ya bar ta, ɗansu tilo kuma yana aiki a wata ƙasar. Ta ƙi komawa gida, ta ce duk waɗanda ta sani a can suna ƙarƙashin ciyawa. Turmin nan wani kafinta ta sa ya yi mata, ta tsaya a kansa har sai da ya fito sak irin na uwarta. Kullum tana kwashe maiƙon saman madara tana tarawa a tulu, ranar Talata ta kaɗa. Takan yi ƙorafin cewa man gamusa fari ne fat kamar marar lafiya, na ƙasarsu kuwa rawaya ne saboda ciyawarsu ba ta taɓa bushewa. Duk da haka idan ya fito takan dube shi kamar ta ga ɗan uwa.

Da gurgun Larabcinta da nawa da ya fi nata gurguncewa muka yi ta hira wata da watanni, inda baki ya gaza hannu ya ƙarasa. A wurinta na koyi Larabcin kasuwa, shi ya sa har na bar Masar ana ce mini ina magana kamar Baturiya. Ta ba ni labarin ƙauyensu, inda ruwa ke sauka kusan kullum, inda ƙasa da kanta ake yankawa kamar tubali a shanya a hura wuta da ita. Wannan kam na ce mata ban yarda ba. Ta ce a gidansu wutar murhu ba ta taɓa mutuwa tun zamanin kakanta, da dare a rufe ta da toka, da safe a tone. Ta ce suna da wasu halittu da ba a kiran sunansu, sai dai a ce mutanen kirki, don kada su ji su yi fushi. Na ce ai mutanen ɓoye ke nan, mu ma muna da su. Ta ce idan uwarta za ta watsar da ruwan wanke ƙafa a waje sai ta ɗaga murya ta ce a kauce. Na ce mu bisimilla muke yi kafin mu zubar da ruwan zafi. Ta ce akwai itacen ƙaya da ke tsayuwa shi kaɗai a tsakiyar gona, ba mai sare shi ko da garma za ta yi ta kewaye shi har abada. Na ba ta labarin tsamiyar bakin kasuwarmu. Sai ta riƙe haɓa ta ce ashe dai ƙauye ɗaya muka fito, ruwa ne kawai ya wanke ta.

Labarin da ta fi so shi ne na wata tsohuwa da ke rikiɗa ta zama zomo da sassafe, ta shiga garken mutane ta tsotse nonon shanu. Mai garke ya sa karnuka, ɗaya ya cije ta a cinya, aka bi jini har wata bukka, aka tarar da tsohuwa tana ɗaure ƙafa. Takan ba da shi tana zare ido tana ɗingishi a tsakar ɗaki, ni kuwa ina riƙe ciki don dariya. Tana kuma da waƙar kaɗa nono da ta gada wurin uwarta, da yarensu na asali wanda ba Turanci ba. Da na matsa mata ta fassara, abin da na tsinta shi ne:

Jar saniyar gindin dutse,
ruwa ya jiƙa bayanki,
ba ni fari in ba ki ciyawa,
ba ni rawaya in ba ki inuwa.

Daga nan sai ta saka sunan duk wanda ke riƙe da sandar a cikin waƙar. Don dokar turmin nan guda ce: duk wanda ya shigo gida ana kaɗa nono, sai ya kama sanda ya yi ko sau kaɗan ne kafin ya fita. Matar bawwab, wato mai gadin benen, ta sani. Mai madara ya sani. Har mai karanta mitar lantarki sai da ya ajiye jakarsa ya kaɗa. Ita ce kuma ta dafa cikina wata rana ta ce kada in damu da rashin uwata, ranar haihuwa tana nan, ba za ta matsa ko nan da can ba. Tun daga ranar na fara barci mai daɗi.

Malam bai taɓa hawa sama ba, sai gaisuwa a matakala. Ran nan, wata Talata cikin tsananin zafi, bawwab ba shi da lafiya, ga tukunyar gas ɗin Madam a ƙasa ba mai hau da ita. Malam mutum ne mai tausayi, ya saɓa ta a kafaɗa ya kai har kicin ɗinta. Muna nan, ni da matar bawwab da wasu mata biyu. Yana ajiyewa Madam ta yi godiya, ta miƙa masa sandar. Ni na ga fuskarsa. Abin da ya gani shi ne turmi da taɓarya, da mata huɗu sun zuba masa ido suna murmushi, cikinsu har da matarsa. A garinmu ko yaro ya fara tsiron gemu ba ya taɓa taɓarya, balle mai rawani. Ya ɗauka tsokana ce aka shirya masa. Ya haɗe fuska, ya ce ma'alish, a yi haƙuri yana sauri, ya juya ya sauka.

Man bai fito ba. Muka kaɗa har hantsi, har azahar, sai kumfa kawai ke tasowa. Madam ta zuba gishiri, ta sa tsohon ƙarfen kofaton doki a ƙarƙashin turmin, ta yi waƙar har muryarta ta dishe, a banza. Talatar da ta biyo ma haka. Sai ta wanke turmin ta lulluɓe shi da farin ƙyalle, ta ce da matar bawwab shaihin da ke ƙasa ya tafi da man a hannunsa. Matar bawwab kuwa bakinta ba ya riƙe ruwa. Kafin a ce haka, duk layin sun ji ɗan Nijeriya yana da mugun ido. Malam ya zo wucewa mai madara ya yi sauri ya rufe garwarsa, wata mata ta janye ɗanta cikin gida. Ya dawo ransa a jagule. Mutumin da ke kwana kan littafin tauhidi, a ce shi ake haɗawa da tsohuwa mai zama zomo. Ya ce wannan camfi ne tsagwaronsa, zafin gari ne ya hana man haɗuwa, kuma daga yau kada ƙafata ta sake taka matakalar sama.

Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Cikina ya tsufa, ƙafafuna sun kumbura, ga wadda na dogara da ita tana saman kaina amma ta fi Katsina nisa. Ita ma da girman kanta ba za ta sauko ba. Ban karya maganar mijina ba, ban hau ba. Amma bai ce komai game da taga ba. Kowace safiya bayan ya fita sai in ga kwando ya sauko a hankali ya tsaya daidai tagata, da burodin da take gasawa da tsala, gayansa, ba mai. Ni kuma in saka mata ɗan yaji ko ƙosai ta janye. Nan nake leƙa kai sama, ita ta leƙo ƙasa, mu yi magana wuya a karkace.

A tagar ne na tambaye ta don Allah me ya sa abin ya yi mata zafi haka. Ta ce a ƙauyensu kaɗa nono aiki ne mai karya baya, mace ita kaɗai ga yara ga shanu. Shi ya sa kowa ya shigo yake ba da hannu, fadan cocinsu ma yakan cire hula ya kama, mai bara ma da ya zo roƙo sai ya kama kafin a ba shi. Wanda ya ƙi, to ya ce gidan bai kai ya sa hannunsa ba ke nan. Ta ce tun da mijinta ya rasu ba wanda ya shigo ɗakinta ya nuna mata ita bare ce sai ranar. Na ce wayyo Madam, shi kuwa ya ɗauka mace kike so ki mayar da shi a gaban mata. Ta zaro ido ta ce a ina aka taɓa jin hannu yana da namiji da mace.

Ranar na yi wa Malam tuwon shinkafa da miyar kuka daga ɗan guntun da nake ɓoyo, na bari ya ci ya ƙoshi ya sha ruwa. Sannan na zauna gabansa na kwashe duk abin da ta faɗa na gaya masa. Ya fara kawo mini bayani kan camfi, na ce ban musa ba, shi ne mai karatu. Na ce, “Malam, abu ɗaya zan tambaye ka. Ranar da naƙuda ta zo, wa zan kira? Littafin nan ne zai riƙe ni?” Ban taɓa yi masa magana haka ba. Ya buɗe littafinsa, amma na lura har aka kira magariba bai juya shafi ba.

Da safe ya ce in zura wa Madam saƙo ta kwando ta tara maiƙonta, Talata yana zuwa. Ya ce, “Ban yarda hannuna yana ɗauke albarkar nono ba. Amma na yarda tsohuwa maƙwabciyata ta nemi hannuna na hana ta.”

Talata ta zo da ɗan sanyin safiya. Mutumin nan ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya naɗa rawani, kamar mai zuwa gaban alƙali. Ina biye da shi ina haki a matakala. Matar bawwab ta riga ta baza labari, mata sun cika ƙofa, har da masu leƙe ta tagogin benen da ke fuskantarmu. Ya yi sallama, ya fara jawabi da Larabcin littafi, dogo, mai kan gado, kan haƙƙin maƙwabtaka. Madam ta saurara kaɗan, ba ta gane ko rabi ba, ta ce khalas ya shaihi, wato ya isa haka, yalla, ta danƙa masa sandar.

Bugun farko da ya yi, da ƙarfinsa duka, nono ya yi tsalle ta ramin murfi ya wanke masa gaban riga. Mata suka tuntsire. Na ce shi ke nan, yanzu zai jefar ya fita. Sai na ga ya dubi rigar, ya dube ni, gefen bakinsa ya motsa. Madam ta dafa hannunsa ta nuna masa a hankali ake yi, ta ɗauki waƙarta, ta saka shaihi a inda ake saka suna, matan Masar suna tafi suna amshi da abin da ba su san ma'anarsa ba. Ba sau kaɗan ya yi ya bari ba, ya ƙi sakin sandar. Gumi ya jiƙa rawani. Can ya sunkuyo wajena ya ce da Hausa ƙasa-ƙasa, “Kin ga abin da kika jawo mini. In ya fito ta ce camfinta gaskiya ne, in bai fito ba ta ce ni maye ne.” Na ce to wanne ya fi so. Ya ce in rufa masa asiri in yi addu'a ya fito.

Wadda ta saba tana ji a kunne kafin ta gani. Ƙarar ta sauya, ta bar dum dum ta koma ɓalam ɓalam kamar ruwa a tulu, sai ga 'yan ƙwayoyi fari-fari sun maƙale a jikin sandar. Madam ta ɗaga murfi ta leƙa. Ta daɗe ba ta ɗago ba, da ta ɗago kuwa hawaye ne a kumatunta tana dariya. Matar bawwab ta rangaɗa guɗa irin tasu. Malam yana share gumi ya ce ai dama ya faɗa, zafi ne ya ragu. Madam ta ce tamam ya shaihi, haka ne, zafi ne, ta yanko burodi mai ɗumi ta lafta masa mai ta miƙa. Ya ci a tsaye, ya nemi ƙari. Wallahi ban taɓa jin daɗi a Masar kamar na wannan safiyar ba.

Haihuwar ma a Talata ta zo, da hantsi. Da ciwon ya kama ni gadan-gadan, Malam ya tura matar bawwab kiran ungozoma, shi kuma ya haura sama a guje. Ya tarar Madam ta kai tsakiyar kaɗi, inda in aka tsaya aikin ya lalace. Ta dubi turmin, ta dube shi, ta sakar masa sandar ta sauko. Ita ta riƙe ni ta baya, tana shafa mini goshi tana yi mini magana da yaren uwarta, ni ina kiran tawa uwar da nawa yaren. Duk tsawon wahalar nan ina jin mijina a saman kaina yana kaɗawa, wani lokaci da sauri kamar zai fasa turmin, wani lokaci ya lafa, na san addu'a yake yi. Ba wanda ya tuna ya ce masa ya isa.

Da 'yar ta faɗo ta tsala kuka, aka aika ya sauko. Ya shigo tafin hannunsa duk ya yi bororo, da kwanon mai a rungume don bai san inda zai ajiye shi ba. Madam ta karɓi kwanon ta miƙa masa jaririya. Uwar jikar nan tawa ke nan. Ya kai bakinsa kunnenta ya yi mata kiran salla, nono na ɗiga daga gemunsa.